Adawiyya da Sunan da Ya Ƙi Goguwa

Ni ce mai kula da rumbun iri a ƙungiyar manoman masara da waken soya da ke Funtua. Sunana Mairamu, kuma shekara bakwai ke nan teburina yana kallon na Adawiyya. Wanda ya yi shekara bakwai yana cin ƙosai a leda ɗaya da mutum ya isa ya ba da labarinsa, musamman da yake ita ba za ta bayar ba. In ka tambaye ta aikin da take yi a ofis, cewa za ta yi kunna kwamfuta take yi da safe ta kashe da yamma. Wannan ma ba gaskiya ba ne, don babbar kwamfutar ba a kashe ta.

'Yar Funtua ce gaba da baya. Mahaifinta ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana gyaran injinan gurzar auduga, kuma har yau tsofaffin ma'aikata suna ba da labarinsa. In inji ya tsaya kowa sai ya ruga neman guduma, shi kuwa ya ce a yi masa shiru, ya kara kunne ya ji inda abin ke ciwo tukuna. Bai bar wa 'ya'yansa gona ba, bai bar musu shago ba, amma wannan halin ya sauka a kan Adawiyya kaf, har ya yi mata yawa. Ita ce za ta tsaya karanta takardar cikin kwalin magani tun daga sama har ƙasa, kai kana tsaye kanka na sarawa.

Ta gama sakandare, ta auri Buba mai gyaran keke napep, ta haifi uku, sannan ta shiga wani shagon buga takardu kusa da tasha tana danna haruffa da yatsa biyu. A nan Malam Shitu ya tsince ta. Malam Shitu tsohon malamin gona ne, mutumin Mahuta, wanda bayan ya yi ritaya ya ƙi zama a gida ya zama sakataren ƙungiyarmu. Wata rana ya kai wasiƙa a buga masa, firinta ta ƙi. Mai shagon ya hau dukan firintar da tafin hannu. Adawiyya ta sunkuya ta karanta ɗan rubutun Turancin da ya fito, kalma bayan kalma, ta buɗe murfin baya ta zaro wata guntuwar takarda. Malam ya dube ta, ya dubi mai shagon. Bayan sati biyu ta fara aiki a wurinmu.

Abin da Malam ya fi so a duniya, bayan iyalinsa, shi ne rubuta abin da gona ta yi. Shekara tara yana tarawa: ranar da aka yi ruwa a kowane ƙauye da yawansa, ranar da kowane manomi ya yi shuka, irin da ya shuka, takin da ya zuba, da abin da ya samu da kaka. Da wannan muke iya ce wa manomin Dandume kada ya shuka irin da ya yi kyau a Malumfashi, ko mu ce wa mutum ya ƙara haƙuri kwana biyar kafin ya zuba iri a ƙasa. Mutane fiye da dubu ne ke dogara da shi, ko da yake rabinsu sun ɗauka Malam duba yake yi. Wata ƙungiyar agaji da ke ba mu iri ta ga aikin ya burge ta, ta ba mu babbar kwamfuta da ke riƙe komai, wadda ake iya shiga daga nesa. Masu ilimin abin suna ce mata saba, mu kuwa a ofis uwar garke muke kiranta. Tana zaune a wani ɗan ɗaki da fanka da batirin sola, ta fi mu duka shan iska.

Malam ne ya koya wa Adawiyya sarrafa ta, iyakar abin da shi ma aka koya masa, sauran kuma ta koya da kanta a waya. Tana da wani littafin makaranta mai bango ja. Duk saƙon da uwar garke ta fitar in ta ƙi yin abu, sai ta kwafe shi da hannu a ɓangaren hagu, a dama kuma ta rubuta abin da ya yi maganinsa. Na sha tsokanarta cewa ta koma boka mai kundi. Ita kuwa sai dai ta ƙara shafi.

A farkon watan Mayun bara Malam Shitu ya rasu. Ni Kirista ce, ba a wurin ibada ɗaya muke ba, amma na yi kukan da ban yi wa wasu dangina ba. Kwana biyu kafin ya cika ya kira Adawiyya a waya, bai yi mata dogon bayani ba, ya ce aikin nan na shekara tara amana ne a hannunta. Ta ce ta karɓa.

Aka shiga damina, aiki ya taso, babu wanda ya iya taɓa teburinsa. Sai a tsakiyar Yuli wasiƙa ta zo daga ƙungiyar agajin, cewa duk ma'aikacin da ya bar aiki ko ya rasu a rufe akawun ɗinsa a uwar garke, wato sunan da yake shiga da shi. Ranar Litinin Adawiyya ta yi bisimilla ta rubuta umarnin goge sunan Malam. Uwar garke ta ƙi. Ta ce ba za ta goge ba, don mai wannan sunan yana ciki yana aiki.

Adawiyya ta karanta mini a hankali, ta fassara. Na ce mata ta sake karantawa. Ta sake, maganar ba ta canja ba.

Ba ta firgita ba, ta kwafe saƙon a littafinta ta fara tono. Abin da ta gano na farko ya ba ni kunya, don har da ni a ciki. Ashe malaman gonarmu huɗu da ke ƙauyuka, da ni kaina, duk da sunan Malam muke shiga. Tun farko shi ya ba mu kalmar sirrinsa don a rage wahala, mu kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya ce wa babba a ware masa nasa. Gandu muka mayar da uwar garke: kowa na noma, sunan maigida ne a kai. Maigida ya rasu wata biyu da rabi, mu kuma muna nan muna shiga da sunansa kullum, ko a jikinmu.

Ta ce gandu ya rabu, kowa zai kama gayaunarsa. Ta zauna buɗe mana akawun ɗaya bayan ɗaya, nan ma uwar garke ta tubure, ta ce rajistar sunaye a kulle take. Adawiyya ta juya shafukan littafinta baya har ta iso wani saƙo irinsa na shekara uku da suka wuce. Wuta ce ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar aiki, aka bar wani ɗan fayil yana tokare da ƙofa kamar taɓarya. Ta tabbatar babu mai aiki a rajistar, ta cire shi, sunayenmu biyar suka shiga lafiya. Ɗaya daga cikin malaman gonar ya kira yana ƙorafi wai shi da sunan Malam ya saba, ya fi albarka. Ta ce masa albarkar tana cikin aikin, ya rubuta sabuwar kalmarsa kada ya manta. Sannan ta canja kalmar sirrin Malam, ta kwashe duk shigar da muka bari a buɗe, ta ce gobe da safe in kowa ya shiga da nasa lafiya za ta goge.

Da safen Talata ta rubuta umarnin. Uwar garke ta ce mai sunan yana ciki. Ya shiga da ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu, bayan an canja kalmar sirri, kuma ba daga cikin ofis ba.

Kafin azahar labari ya zaga wai fatalwar Malam ce ke shiga. Maigadi ya rantse shi daga yau ba zai ƙara taka ɗakin uwar garke ba. Na yi masa dariya sosai, amma ba zan ɓoye ba, duk sanda zan wuce ta ƙofar sai na yi 'yar addu'ata a zuci. Shugaban ƙungiya, Alhaji Rabe, mutumin kirki ne amma da ya ji kalmar intanet sai ya tsorata, ya kira ƙungiyar agajin. Ranar Laraba suka turo Injiniya Kamalu daga Kaduna.

Injiniya ya san aikinsa, ba zan ci zalinsa ba, sauri ne kawai ya yi masa yawa. Ya duba minti ashirin, ya juyo ya ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ɓarawon intanet ne. An canja kalmar sirri amma ya shiga, ke nan yana da nasa mabuɗin. Zan iya korarsa da ƙarfi in goge sunan yanzu, amma ban san wace kafa ya haƙa ya bari ba. Abin da ya fi shi ne a share komai a fara sabo. Asabar zan dawo da kayan aiki."

Adawiyya ta ce, "Injiniya, aikin shekara taran fa?"

"Hajiya, duk abin da ɓarawo ya kwana a kai ban yarda da shi ba. Kwafin da kuke da shi ma daga ciki aka ɗebo shi, ban san tun yaushe yake shiga ba. Sai dai haƙuri."

"In na gano ko wane ne kafin Asabar fa?"

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya ɓata wa mutum rai. Ya ce in ta gano, shi mai ji ne. Alhaji Rabe ya ce a bi abin da masana suka ce, ya tashi. Na dubi Adawiyya, na ga tana shafa bangon littafinta da babban yatsa, abin da take yi ke nan in ranta ya ɓaci. Ni kam raina ya fi nata ɓaci, har na ce mata mu bi Alhaji mota mu yi masa magana. Ta ce ba Alhaji ne ke shiga ba, mai shiga za ta jira.

Ranar Alhamis tun kafin ƙarfe bakwai muna ofis, ita don aiki, ni don son ganin ƙwal uwar daka. Bakwai da minti goma sha ɗaya sunan Malam ya bayyana. Adawiyya ba ta kore shi ba, ta zuba ido ta ga inda zai nufa. Bai taɓa sunayen manoma ba, bai leƙa ko'ina ba. Fayil ɗaya ya buɗe, ya ƙara layi ɗaya: kwanan wata, da lamba talatin da ɗaya. Daga nan shiru, bai fita ba, bai kuma ƙara motsi ba.

Ta ce, "Mairamu, kira malamin gonar Mahuta ki tambaye shi ko jiya an yi ruwa."

Na kira. Ya ce an yi kamar da bakin ƙwarya, har rafi ya hana mutane wucewa. Adawiyya ta karɓi wayar ta tambaye shi ko shi ke shigar da awon ruwan Mahuta. Ya ce a'a, shi a zatonsa na'urar ce ke gano wa kanta. Mu kuma a ofis duk mun ɗauka shi ke yi.

Ta buga fayil ɗin gaba ɗaya a takarda, ta shimfiɗa a teburina ta bi da biro. Babu ranar damina ko ɗaya da aka tsallake. Ta nuna mini shekara biyu baya, lokacin da Malam ya yi sati biyar kwance a asibiti a Zariya: awo bai tsaya ba. Ta gangaro watan Mayu, ranar da ya rasu. Kwana uku ba a shiga ba, a rana ta huɗu aka zuba layi huɗu a tare.

"Ɓarawo ba ya awon ruwan sama," in ji ta. "Kuma ba ya zaman makoki."

Muka je wa Alhaji Rabe da takardar. Ya gane inda muka dosa, ya kama girgiza kai. Ya ce matar Malam tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba su cika ba, namiji ba zai shiga mata ba, kuma shi ba zai aika a je a tuhumi gidan rasuwa da maganar ofis ba, abin kunya ne. A gaskiya wannan kunyar ce ta sa tun watan Mayu babu wanda ya tambayi ina laftof ɗin Malam take. Adawiyya ta ce, "Alhaji, ba tuhuma za ni ba. Gaisuwa za ni, ni da Mairamu." Ya ce ai gaisuwa ba a hana ta.

Da safen Juma'a muka hau mota zuwa Mahuta. Masara ta kai ƙugu hagu da dama, kore shar, mutane na ta maimai. Muka yi sallama muka wuce zaure, abin da duk mazan ofishinmu da Injiniyan Kaduna ba su isa su yi ba. Tun kafin mu ga matar gidan na ga abin da muka zo nema. A tsakiyar tsakar gida, nesa da indararo, an kafa wani gungume, a kansa mazurari da kwalba mai zanen lamba, an kewaye shi da kara saboda awaki.

Inna Ummukulsum ta fito ta shimfiɗa mana tabarma. Mace ce 'yar siririya mai magana ƙasa-ƙasa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, muka ƙara yi mata ta'aziyya, aka kawo fura. Ni har na gaji da zaman, Adawiyya kuwa ba ta yi gaggawa ba. Sai da aka natsa sannan ta nuna gungumen ta ce, "Inna, wa ke duba kwalbar can yanzu?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Laifi na yi, ɗiyata?"

"Ko kaɗan. So nake in san wanda za mu gode wa."

Sai ta faɗa mana. Shekara uku da suka wuce idon Malam ya fara rauni, ba ya ganin zanen kwalbar da sassafe. Ita kuma ta yi makarantar manya, tana karanta boko da lamba. Ya koya mata dubawa, ya koya mata kunna laftof da haɗa ta da waya, ya sa wa laftof ɗin mabuɗinta na kanta yadda ba sai an rubuta kalmar sirri ba. Sunansa kawai za ta rubuta, ta buɗe fayil, ta sa lamba, ta rufe murfi. Shi ya sa canjin kalmar sirri bai hana ta shiga ba, rufe murfin kuma ba fita ba ne, shi ya sa uwar garke ke cewa mai sunan yana ciki.

"Da ya tafi," in ji ta, "na ce mi zan yi da safiya? Ruwa dai bai daina sauka ba. Kuma ni ba fita nake ba, balle in tambayi wani." Sannan ta ƙara da cewa, "Shekara talatin da ɗaya muna tare, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Sai ga shi yatsana na kama shi kullum da safe. In kun zo karɓar laftof ɗin ne, ga ta can a ɗaki."

Na kau da kai, don idona ya cika. Adawiyya ta ce ba karɓa muka zo yi ba. Ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa dole a rufe sunan Malam, in ba haka ba gobe za a share duk aikinsa. Amma awon ruwa ba zai tsaya ba, za ta buɗe wa Inna nata da sunanta. Inna ta ce ita wace ce da za a sa sunanta a na'urar ofis. Na ce mata ni ma da nake faɗa da ɓeraye a rumbu an sa nawa, balle ita. Ta ɗan yi dariya, ta ce to.

Adawiyya ta zaro laftof ɗin ofis daga jaka, ta haɗa da wayarta, ta shiga uwar garke daga nan kan tabarma. Ta rubuta umarnin buɗe sabon akawun da sunan Ummukulsum. Uwar garke ta ƙi.

Na ce a raina yau mun shiga uku, wannan na'ura ta rantse sai ta kunyata mu. Adawiyya ta karanta saƙon har ƙarshe, kamar kullum. Cewa ya yi akwai mai wannan sunan tuntuni. Ta buɗe rajistar sunaye ta nemo shi, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wa Inna laftof ɗin. An buɗe akawun ɗin shekara uku da suka wuce, ba a taɓa shiga da shi ba ko sau ɗaya. A gurbin da ake rubuta ko wane ne mai shi, Malam ya sa da Hausa: Ummukulsum Shitu, mai awon ruwan Mahuta.

Inna ta bi rubutun da yatsa tana haɗa baƙi. Da ta kai ƙarshe ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da wata takarda a ninke, ta ce ya taɓa ba ta ita ya ce nata ne, ita kuma ta ce masa mi za ta yi da nata alhali ga nasa. Ya yi dariya ya ce ta ajiye. Kalmar sirri ce a ciki da rubutun hannunsa. Aka ɗauko laftof ɗin gidan, Inna ta rubuta sunanta da yatsa ɗaya, ta kwafe kalmar harafi bayan harafi. Akawun ɗin ya buɗe nan take.

Adawiyya ta mayar da fayil ɗin ruwan Mahuta ƙarƙashin sunan Inna, sannan ta nemi izininta a rufe na Malam. Inna ta ce a bari ta shiga sau ɗaya ta fita da kyau. Ta rubuta sunansa a hankali. Adawiyya ta nuna mata kalmar da ake rubutawa in za a fita, ta rubuta, ta danna. Sannan Inna ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zanenta, ta ce mu sha furar nan kada ta tsinke.

Asabar Injiniya Kamalu ya iso da jakarsa. Alhaji Rabe ya zo, maigadi ma ya leƙo daga nesa. Adawiyya ta shimfiɗa takardun, ta faɗi abin da muka gani, ba ƙari ba ragi. Injiniya bai yarda da baki ba, kuma na ga girmansa a kan hakan. Ya zauna fiye da awa yana tono, ya gwada mabuɗin laftof ɗin da abin da ke rajistar shiga, ya nemi wata kafa ko'ina bai samu ba. A ƙarshe ya ture kujerarsa baya ya ce, "Hajiya, kujerarki ce."

Ta zauna. Ta kwashe fayilolin Malam duka ta mayar da su ƙarƙashin sunan ƙungiya, ta ƙirga su kafin da bayan, suka yi daidai. Ta cire tsohon mabuɗin, ta duba ko akwai sauran mai aiki da sunansa, babu. Ta yi masa addu'a a hankali, kowa ya shafa, ni ma na ce amin. Sannan ta rubuta umarnin nan da ya ƙi ta tun Litinin, ta danna. Babu abin da ya fito.

Alhaji Rabe ya ce, "Ta ƙi kuma?"

Injiniya ya ce, "Ta karɓa, ranka ya daɗe. In ta karɓa shiru take yi."

Ban san sanda na rangaɗa guɗa a cikin ofis ba, har maigadi ya shigo ɗakin da ya rantse ba zai ƙara takawa ba. Daɗi ya kama ni kamar ni na yi aikin. Alhaji Rabe ya shiga gaya wa Injiniya cewa ai shi ya ba da shawarar a je gaisuwar, muka ƙyale shi, shugaba ne. Injiniya bai buɗe jakarsa ba har ya tafi. Abin da ya roƙa kawai a ba shi littafin nan mai bango ja ya ɗauki hoton shafukansa, ya ce akwai wuraren da zai kai su. Adawiyya ta ba shi, amma tana tsaye a kansa har ya gama.

Aikin shekara tara yana nan, bana ya zama goma. Manoman da suka zo tambayar ranar shuka ba su san an taɓa kusa share shi ba, Adawiyya kuma ba ta gaya wa kowa. Inna ta fita takaba tun bara, ta zo ofis sau ɗaya ta ga uwar garke, ta ce ashe ƙarama ce.

A ranar Asabar ɗin, bayan kowa ya watse, Adawiyya ta kira ni ta nuna mini rajistar shiga. Bakwai da minti goma sha biyu na safe Ummukulsum ta shiga, ta sa goma sha takwas, ta fita da kyau. Daga nan Adawiyya ta jawo littafinta ta buɗe inda ta kwafe saƙon ranar Litinin, wanda ya ce mai sunan yana ciki yana aiki. Ɓangaren dama yana nan fari tun ranar. Na leƙa ta kafaɗarta ina jiran in ga dogon Turanci. Layi ɗaya ta rubuta: a je gidan a gaishe su.